Ranar da Mai Katifa Ya Yi Shiru

Duk layin an san Mai Katifa da abu biyu, ɗinkinsa da bakinsa. Katifar da ya cusa wa auduga takan tsufa ba ta lotsa ba, amma kafin ka karɓe ta sai ka sha zagin da zai raka ka har gida. Tun yana saurayi yake cikin shago mai taga ɗaya, yana dukan tsohuwar auduga da sanda har ta tashi. Ƙurar ta zauna masa a gira da gashin hanci, sauran ta wuce ciki. In aka ce ya rufe fuska da ƙyalle sai ya ce shi ba ɓarawo ba ne.

Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suka watse, kowa da zagin da ya kore shi. 'Yarsa Auta ce ta rage, tela ce, kekenta na falo. Da tari ya kayar da shi, ita likita ta zaunar. Ta ce huhu cike yake da ƙananan jakunkuna kamar kumfar sabulu, ta nan iska mai kyau ke ratsawa cikin jini, wadda jiki ya gama da ita kuma ta fito. Na Baba sun saki kamar robar tsohon wando. Shigar iska da sauƙi, fitar da gurɓatacciyar ce aiki.

"Kaɗan za ki riƙa ba shi oksijin," in ji likitar. "In ya yi yawa, gurɓatacciyar za ta taru masa a jini, barci mai nauyi ya danne shi. Kada ki ga ya yi shiru ki ce sauƙi ne."

Auta ta ɗiga jan farce a makunnin silindar oksijin da aka ba su, daidai inda aka nuna mata. Da robar a hancinsa Baba ya ci gaba da sana'arsa ta biyu, sai dai yanzu zagin a gutsure yake fita, yana tsuke baki yana fesar da iska tsakanin kalma da kalma.

"Ke... uwar son jiki... shayin nan... da wankin hannu kika haɗa?"

Ana haka Gwaggo, yayarsa, ta sauka da jakarta. Ba su taɓa jituwa da ƙaninta ba, amma ta fi ƙin jinin Auta, don kamanninta ɗaya da marigayiya uwarta. Ta ga ƙirjinsa na hawa da sauka, ta dubi silindar.

"Iskar ma rowarta kike yi? Tukunya cike, ubanki na haki kamar an koro shi!"

"Gwaggo, haka likita ta ce."

"Likita ce ta goya shi ko ni? Halin uwarki ne, ko gishiri sai ta ƙirga."

"Ku biyun... ku fita min... daga ɗaki," in ji Baba.

Washegari da hantsi Auta ta kai ɗinki wani gida, mai kayan ta tsare ta da gwaji da ƙorafi. Da ta dawo, tun daga ƙofa ta ji gidan ya canja. Ba tari, ba tsaki, ba wanda ya tambaye ta gidan uban wa ta tsaya. Gwaggo na zaune a kujerar kekenta tana yanke farce da almakashin ɗinki.

"Sai ki taka a hankali. Na buɗe masa iskar, ga shi ya samu barcin da kika hana shi."

Auta ta leƙa. Yana kwance, fuskarsa ta yi ja ta yi laushi, ƙirjin da ƙyar yake motsi. Makunnin ya wuce jan farcen nesa. Ta tsaya riƙe da labule. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa jin gidan nan haka ba, har ƙarar agogon bango take ji. Wani abu a ranta ya ce ta bari ya ɗan ƙara, ta sha ruwa tukuna, ta zauna kamar kowace 'ya a gidan ubanta. Sai ta ga yatsunsa na fizga a kan zanin gado.

Ta mayar da makunnin kan ɗigon, ta tallafo shi zaune. Kansa ya langaɓe a kafaɗarta.

"Baba! Baba, na ƙona maka riga da dutsen guga!"

Ko gira bai ɗaga ba.

"Sake shi, muguwa!" Gwaggo ta kai hannu ga silindar.

Auta, wadda ko kaza ba ta iya kora da ƙarfi, ta riƙe wuyan hannunta. "Wallahi Gwaggo, kika sake taɓa wannan, ke za ki yi wa 'yan'uwana bayani. Je ki buga wa maƙwabci ƙofa, ya fito da mota."

A asibiti aka ɗaura masa wata na'ura a fuska, tana taya huhunsa turawa da fitarwa. Auta da Gwaggo suka zauna a benci ɗaya, kowa ta ba 'yar'uwarta baya. Gwaggo na gaya wa duk mai wucewa cewa lafiya lau yake barci aka tashe shi.

Sai bayan la'asar aka cire na'urar. Ya buɗe ido, ya bi silin da kallo, ya sauke kan Gwaggo.

"Wannan... tsohuwar... ba ta tafi ba?" Ya juyo ga Auta. "Ke kuma... wace rigar... kika ƙona?"

"Ka ji ɗan banza," in ji Gwaggo tana share hanci da gefen mayafi. "Da na sani na ƙure abin."

Da suka koma gida Auta ta ja keken ɗinkinta daga falo, ƙafafunsa na kartar siminti, ta ajiye shi a bakin ɗakinsa, inda idonta zai riƙa kaiwa kan jan ɗigon. Daga ciki ya ce ƙarar keken za ta kashe shi. Ta zura zare, ta taka.