Da Aka Hana Mu Tsokanar Direba

A shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa, ni akawu ne a ofishin gona na Birnin Kudu, ina buga tafireta da yatsu biyu ina jin kaina wani babba. Ofishin ɗaki uku ne da rumfa, sai tsohuwar jif mai tari, wadda ke kai takin zamani da maganin dabbobi ƙauyukan Gwaram. Direbanta Babarbare ne, ƙato, ga zane a fuska ga son turare, kafin ka gan shi ka ji ƙamshinsa. Malamin dabbobinmu kuwa Bafulatani ne siriri, wanda ko ofis ba ya zuwa sai da sandarsa.

Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, amma waɗannan biyun sun mai da shi aikin gwamnati. Da safe kafin a buɗe ƙofa sai sun yi. Direba ya ce bawansa ya makara, shi kuma ya ce yaushe bawa ya fara duba wa ubangidansa agogo. Direba ya ce a ɗaura wa Bafulatani dutse a ƙugu kada iska ta tafi da ma'aikacin gwamnati, Bafulatani ya ce a binciki tankin mota, yana zargin turare ake zuba mata. Mu kuwa 'yan kallo muna rumfa muna ƙara wa wuta itace. Ni dai gaskiya saboda wannan nake sammakon zuwa aiki, ba don tafireta ba.

Wata damina, a hanyar Kwandiko, akwai wani rafi da babu gada a lokacin. Direba ya shiga shi kamar yadda ya saba, ashe an yi ruwa a sama. Ruwa ya ɗauki motar ya juya ta ya jingine ta da wata bishiya. Mutanen gari suka fito da igiya suka ciro shi, daga baya aka jawo motar. Ko ƙwarzane bai yi ba. Motar ma da aka shanya ta aka yi mata 'yan dabaru sai ta tashi, tarinta ya ɗan ƙaru kawai.

Direban ne bai tashi ba. Zai zo da safe ya wanke mota, ya shiga ya zauna, ya kama makulli, sai ya kasa murɗa shi, gumi ya jiƙa masa riga. Ya fito ya ce batir ne. Ya daina sa turare, ya daina cin abinci da mu. Matarsa ta gaya wa matata cewa ba ya barci, da ya rufe ido sai ya ji ƙarar ruwa. An yi rubutu an yi hayaƙi, wasu suka ce mutanen rafin ne suka shafe shi. Ni dai abin da na gani mutum ne da tsoro ya shige shi ya ƙi fita.

Babban Malami, shugaban ofishinmu, mutumin kirki ne, kuma kirkin nasa ne ya kusa ƙarasa direba. Ya tara mu ya ce daga yau ba tsokana, ba dariya kusa da shi, kowa ya lallaɓa shi. Ya dubi malamin dabbobi musamman ya ce ko kalma ɗaya ya ji, zai haɗu da fushinsa. Sannan ya rage murya ya ce idan damina ta ƙare mota ba ta koma hanya ba, dole ya nemi wani direba daga Kano. Mutumin nan kuwa yana da iyali, kuma ban da tuƙi ba abin da ya iya.

Sai muka shiga yi masa sannu. Ya shigo, sannu Malam. Ya zauna, sannu. Ya yi atishawa, mutum uku su miƙe. Masinja ya ba shi kujera, mai shara ya kawo masa kunu, ni kaina na riƙa buga tafireta a hankali don kada ta firgita shi. Rumfar da ta saba da shewa ta koma kamar gidan makoki, shi kuma mamacin yana zaune a tsakiya yana amsa gaisuwa. Ranar da Bafulatani ya rusuna ya ce masa, “Ina kwana, Malam, ya jiki?” na ga idon direba ya kawo ruwa. Na ji tausayinsa har cikin raina, amma sai na ƙara masa wata sannun.

Bafulatanin ma abin ya ci shi. Ga shi da ma ba auki, sai ya ƙara lanƙwamewa, yana zagaya ofis yana taune maganganun da aka hana shi faɗa. Da ciwon shanu ya ɓulla a wajen Kwandiko, kuma Babban Malami ya tafi taro, sai ya ɗauko akwatin allurarsa ya jefa a bayan mota, ya ce in zo in taya shi riƙe kaya. Ya buga ƙofar motar da sanda, direba na zaune a ciki.

“Kai bawa, hutun ya isa. Tashi ka kai ubangidanka aiki.”

Direba ya dube shi, sannan ya ce ba zai iya shiga rafin nan ba. Wannan ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa. Bafulatani bai ce masa sannu ba. Cewa ya yi shi ma bai yarda da tuƙin Barebari a ruwa ba, su je dai bakin rafin, in ya ga dama su juyo.

Mun tafi kamar masu rakiyar amarya, har jakuna na wuce mu. A bakin rafi direba ya taka birki. Malamin dabbobi ya sauka, ya naɗe wando, ya saɓa sandarsa a kafaɗa ya shiga ruwa. Iya gwiwa ne. Ya juyo ya fara kiran motar da irin kiran da ake yi wa shanu, yana lallashinta da Fulatanci, yana yi mata alkawarin dusa. Na ji wani abu ya fita daga ƙirjin direba, ban sani ba dariya ce ko kuka. Ya sa giya, muka bi bayan Bafulatani a hankali har muka hau tudu. Can ya kifa kai a sitiyari ya jima, da ya ɗago ya ce da ma aikin bawa ke nan, ya shiga gaba ya duba wa ubangidansa hanya.

Ba ranar ya warke ba. Ya daɗe yana fama, wata rana ya tuƙa wata rana ya kasa, amma yanzu yana faɗa, mu kuma muna tsokanarsa muna zama da shi. Babban Malami ya yi kamar bai ji an karya dokarsa ba, maganar direban Kano kuma ta bi ruwa. Ko bayan an yi gada, in sun zo wurin sai direba ya tsaya ya ce bawa ya sauka ya yi aikinsa, su yi ta musu har a yi musu ham daga baya.

Mun tsufa, mun yi ritaya, malamin dabbobi ya riga mu tafiya. Ranar jana'izarsa direba ya zo yana dogara sanda, ya sha turare. Da aka ɗaga makara sai ya ture matasa ya kama gaba, aka yi aka yi ya bari ya ƙi. Ina kusa da shi, ya sunkuyar da kai, na ji yana cewa a hankali, “Kwanta abinka, bawa. Yau ni zan duba maka hanya.”