Ciwon da Na Ɗauka Basir Ne

Shekarun baya, ana tsakiyar noma, ɗana na fari ya daina zama a kan tabarma. In an kawo tuwo, a kishingiɗe yake ci. Kun san kunyar ɗan fari, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ko ido ba ma haɗawa. Matarsa ce ta raɗa mini cewa jini yake gani in ya zaga bayan gida.

Na ce basir ne. Na jiƙa saiwoyi, na dafa bagaruwa yana zama a ruwan, har ina cika baki wai basir bai taɓa gagarata ba. Wata biyar muna haka, mutum yana ta ramewa, har fartanya ta fi ƙarfinsa.

Sai magana ta fita gari. Wani ya jiyo wai akwai ciwon dajin dubura da ke kama masu neman maza. Shi ke nan aka jingina wa ɗana, don yana zuwa cin rani birni. Ya rantse ba shi ba asibiti, gara ya mutu a ɗakinsa da a tabbatar masa da wannan suna.

Wata safiya na ɗaga labulen ɗakin, na kira shi da sunansa. Ya ɗago a firgice.

"Inna, ke ce?"

"Ni ce. Ban zo tambayar abin da ka yi ko ba ka yi ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Tashi ka sa riga."

"To mutane fa?"

"Su suka yi naƙudarka?"

A babban asibitin birni likita ya ce daji ne, amma bai yi nisa ba. Na cire kunya na gaya masa zancen gari. Ya ce, "Inna, akwai ƙwayar cutar da ake ɗauka ta saduwa, kowace iri, takan jawo shi. Wani kuma ba ta nan yake samu ba. Ni ba zan duba ciwo in faɗi halin mutum ba. Ku dai kada ku fasa zuwa."

Ba mu fasa ba. Aka yi ta gasa wurin da na'ura, ana ƙara masa ruwan magani. Ya sha wuya, amma Allah ya tashi kafaɗarsa.

Har yau wata biyar ɗin nan na cizona. Yanzu duk wadda ta zo neman jiƙon basir, in ta ambaci jini, asibiti nake tura ta da mijin. Ɗan nawa kuwa bana ya fi kowa gero a ƙauyenmu. Waɗanda suka yi da shi ma, a rumbunsa suka nemi iri, ya kuma ba su.