Rijiyar Bakin Burtali

Laraba ce, ranarmu ta ɗiban ruwa. Da hantsi na ɗauki tulu, na bar maigidana Mamman yana gyaran danga.

Rijiyar ta siminti ce. Wani Bature ya sa aka gina ta a bakin burtali, can wajen Runka, wai don ya haɗa kan manoma da Fulani. Mu dama kanmu a haɗe yake. Kowane rani shanun Arɗo Jae a gonarmu suke kwana, mu samu taki, su samu gero. Mamman da Jae tare suka shiga ramin suna haƙa. Amma Bature, da sunan adalci, ya raba kwanaki: yau mutane, gobe shanu, ya sa ɗan doka gadi. Ban san wanda ya gaya masa saniya na azumi ba.

Bazara ta yi tsanani, tafkuna sun ƙafe. Rana tsaka, muna bakin rijiya, muka ji ƙasa na rugugi. Shanu ne suka ji ƙanshin ruwa, suka fi ƙarfin makiyaya. Ɗan doka ya ari na kare. Tuluna suka farfashe. Wata tsohuwa ta faɗi, suka bi ta kanta. Jikanta ya ɗauko gatari ya sari saniya.

Da azahar aka buga gangar gari. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi a ruga, sannan a rumbunanmu. Daga cikin gida ina jin ƙarar wucewar kibau ta saman danga.

Mamman ya shigo da gudu. "Kwashi yara, ku bi rafi, ku nufi Safana!" Na riƙe masa riga. Ya ce Jae zai ji maganarsa. Ya fita, ko sanda bai ɗauka ba.

Muka bi busasshen rafi, rairayi na toya mana ƙafa. Yara na kukan ƙishirwa, ga rijiya cike mun baro a baya. A wata kwana muka ci karo da Dije, matar Jae, ita ma da goyo. Ba mu gaisa ba. Ta miƙo wa ɗana ƙwaryar nono, kowa ya kama gabansa. Tsoronta na ji, kuma har yau abin na ci mini rai.

Washegari aka sami gawarwaki biyu a bakin rijiya, kusa da juna. Mamman da kibiya, Jae da saran gatari.

Rumbu mun sake ginawa. Gonarmu kuwa ba ta ƙara ganin taki ba.