Zangarniya Uku da Na Kai Amurka

Daga gida zuwa Kano

Tun kafin assalatu na bar ƙauyenmu na bayan Malumfashi, a bazarar da ta biyo bayan babban farin nan na zamanin soja. Ƙanena Habu, injiniya a Amurka, shi ya aiko da tikiti wai in je a duba mini ido. Ni kuwa ina aji huɗu Baba ya cire ni daga makaranta ya miƙa mini fartanya, don dole wani ya yi noma kafin wani ya yi boko. Abin da na tara tun daga lokacin bai wuce kantar hannu ba.

Na riga na yanke na bar noma. Damin irin gero da muka gada daga Baba, wanda ko a farin ba mu taɓa shi ba, na sauko da shi daga rumbu. Na zare zangarniya uku na cusa a jaka, don in ajiye wa Habu a gabansa in ce ga gadonsa nan. Na ce wa matata Hajara, "Sauran ki sussuke ku yi fura. Na gama."

"To, Malam," ta ce, ba ta ko dube ni ba.

A tasha na sami akori-kura. Shingen sojoji biyu muka wuce kafin Kano, kowanne sai an sauke mu an lalube kaya. Direba ya ji inda za ni, ya ce, "Amurka da wannan takalmin roban?" Na ce masa ya duba hanya.

Filin jirgin Dulles

Mun canja jirgi a London, muka sauka da la'asar. Wani jami'i ya buɗe jakata ya ɗaga zangarniya kamar ya kama maciji. Turancina ya tsaya. Wata nas 'yar Jos da ke bayana a layi ta matso.

"Baba, yana tambaya abinci ne?"

"Wane abinci? Iri ne. Na shuka."

"Kai Baba, ai ka gama da kanka. Ba a shigo da iri nan."

A gabana jami'in ya jefa su a wani kwando mai murfi. Na ce su ƙarata can, ya rage mini kaya.

Alexandria

Habu yana zaune a wannan gari na kusa da Washington, a hawa na sama a wani dogon bene, ko akuya ba inda zai ɗaure. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, wannan ba zan hana shi ba. Yaransa ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Matarsa ta yi mini tuwon garin masara da miyar kuka, ba laifi. Likita ya duba idon, aka yanka mini tabarau, sai ga ni ina ganin ganyen bishiya ɗaya-ɗaya.

Da na gaya wa Habu na bar gona, sai ya ce, "Yaya, ran Asabar mu je in nuna maka wani waje."

Washington

Mun hau bas, sannan jirgin ƙasa. Ya haye wani faffaɗan kogi, ya nutse ƙarƙashin ƙasa da mu, ina ta salati. Muka fito tsakanin manyan ofisoshin gwamnati, muka taka zuwa gidan tarihi. Shiga kyauta.

An jera ƙoƙon kawunan mutanen farko a gilashi, wasu da goshi kamar an danne. Habu ya ce yawanci daga Afirka aka tono su. Na ce, "Ni dai kakana Annabi Adamu ne." Ya ce, "Ban yi musu ba, Yaya, taho." Amma na daɗe a gaban wani dutse da aka fiƙe don yanka. Da a hannuna aka sa shi, da ya zauna daidai. Wanda ya fiƙe shi yana da yatsu irin nawa, ya kuma san yunwa.

Habu yana karanta rubutun yana fassara mini. Wai mutane sun yi zamani mai tsawon da hankali ba ya kamawa ba su da gona ko rumbu. Farauta da tsintar 'ya'yan itace da tsabar ciyawa, yau nan gobe can. Ban yi mamaki ba, a farin nan na ga matanmu suna kakkaɓar ƙarangiya.

A ɗaki na gaba na yi turus. Dutsen niƙa ne da ɗansa, ya lotsa a tsakiya sak irin na Inna. Ga lauje mai haƙoran dutse, ga tsaba baƙa ƙirin don tsufa.

"Ka ga, Yaya, hatsin daji da ya nuna sai ya zubar da tsabarsa ƙasa."

"Shibra ke nan," na ce, wato geron banzan nan da ke fitowa a gona ya kaɗe kafin girbi.

"To, wai sai wasu suka lura da zangarniyar da ba ta zubarwa. Ba su ci ba, suka ajiye suka shuka. Baɗi suka sake zaɓa. Daga nan aka zauna wuri ɗaya, aka yi rumbu, aka yi gari, aka yi sarki, har aka fara rubutu. Alkama daga gabas, masara daga wannan nahiyar. Gero kuma, masana sun ce a wajenmu aka fara shi, bakin Sahara."

Mutum da yunwa a cikinsa, ga hatsi a hannu, ya ƙi ci! Haka Baba yake bin gona kafin girbi yana zaɓen zangarniya mai tsawo, haka ya koya mini. Shi ma wani ya ba shi, wancan ma wani, har can baya inda ba suna. Duk fari da fara da yaƙin da aka yi, ba a sami ko ɗaya da ya cinye irin ba. Benen Habu da jirgin ƙarƙashin ƙasa duk a kan wannan haƙurin suka tsaya. Ni kuma na ce a yi fura da shi.

"Habu, a sauya mini tikiti."

"Saura mako biyu fa, Yaya."

"Akwai tarho a ƙauyenmu? To, sauya."

Komawa

Ban ci abincin jirgi ba. Daga Kano na hau motar farko, hadari yana haɗuwa a gabas. Na shiga gida da hantsi, na tarar da Hajara tana dama fura.

"Ina damin?"

"Haba Malam, ko sannu? Ba kai ka ce a sussuke ba? Sha, naka ne."

Na zauna a kan turmi. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta nuna ɗakin girki da ludayi. A jikin azara, inda hayaƙi ke korar ƙwari, ga rabin damin a rataye, masu tsawon duka.

"Ƙananan na daka. Uwata ba ta koya mini cin iri ba."

Ruwan farko ya sauka a makon, na shuka. Har yau ban yafe aji huɗun nan ba, kada wani ya ɗauka na yafe. Amma na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa Habu da tabaraunsa, sannan Hajara, wadda ta ji maganata rabi.