Tafin Ƙafar Kumai

Kumai mutumin Kagoro ne, a kan dutse aka yanke masa cibiya. Mutanensu ba sa hawan dutse da takalmi. Tafin ƙafa ne ke jin inda santsi yake, shi ke kama abin da ido bai gani ba. Da ƙafar nan ya sauko Kafanchan neman aiki, a kanta yake wuni tsaye a kicin ɗin Mista Leonard, wani Bature malamin makaranta. Ita ke ciyar da Kumai da matarsa Afiniki da yaransu.

Da hutun Kirsimeti na 1974, Leonard da matarsa Mildred suka ɗaure tanti a saman mota, suka nufi Kamaru, Kumai na baya tsakanin tukwane. A garin Buea ya ga gidajen da Jamusawa suka bari, gansakuka ta lulluɓe bangayensu. Bayan garin kuwa ga wani dutse, kansa a cikin gajimare.

A gindinsa Kumai ya tuɓe takalminsa na roba, ya jefa a mota, ya ɗora tanti a ka.

"Ga akuyarmu!" in ji Leonard da Hausarsa ta littafi. "Kumai, kofato gare ka?"

"Maigida, ni ɗan dutse ne," ya amsa yana dariya.

Ɗan garin da zai yi musu jagora ya nuna ƙafar yana girgiza kai. Leonard ya ɗaga kyamara, ya ce a ƙyale shi, hoton ya fi kyau haka.

Amma wannan dutse ba irin na gida ba ne, mai aman wuta ne, wuta ce ta haife shi. Baƙar tsakuwarsa kamar fasasshiyar kwalba, sanyinsa kuma ya kashe ƙafar har ba ta jin yanka. Kumai ya ga jini a sawunsa, ya ci gaba da hawa. A wurinsu namiji ba ya kuka da dutse gaban baƙo.

Da suka sauko, yatsun sun kumbura, sun fara baƙi.

"Maigida, don Allah a kai ni asibiti."

"In mun koma gida," in ji Leonard. "Giwayen Waza ba za su jira mu ba."

Haka suka miƙa arewa, doguwar tafiya cikin zafi. A gandun dajin Waza, a durƙushe yake soya musu ƙwai. Mildred ta ce warin ƙafar na hana ta cin abinci, sai aka mayar da tabarmarsa can bayan mota.

A Kafanchan likita ya yanke yatsun ƙafar dama duka, da rabin ƙafar hagu.

Leonard ya leƙo asibiti sau ɗaya. Ya ce sun ɗauki sabon kuku, amma ba su manta da alheri ba. Ya miƙa ƙunshi: tsofaffin takalmansa na hawan dutse, an goge su fes.

Kumai ya juya fuskarsa bango. Afiniki ta sa hannu biyu ta karɓa, ta durƙusa ta yi godiya, don haka aka koya mata.