Injin Minshari a Wurin Mai Faci

Ga wani baƙon Alhaji a kasuwar Makoda, gemu har ƙirji, idanu jajur, yana tsaye gaban Talle mai faci. Ba taya ya kawo ba, injin asibiti ne mai takunkumin roba da ke hura wa masu minshari iska.

"Yoyo yake yi. Ga tsadar man janareta, ga numfashina yana sarƙewa."

Talle ya tsoma tiyon injin a ruwa, ko kumfa babu.

"Alhaji, ba huji. Gemunka ne ke hana robar zama."

Alhaji yana shafa gemu, yana hararar wani wanzami da ke gefe. Ina jin Hajiyarsa ta daɗe da sauya ɗaki saboda minshari.

"Bar maganar gemu. Ƙara masa iska kawai."

Talle kuwa, babban likita, har ya jawo famfon hura taya.