Wafula da Yafiyar Tara

Wafula Simiyu, maƙwabcina a Bungoma, ya karanci aikin gona a jami'a da bashin gwamnati. Ya fito da digiri mai kyau, ya rataye shi a bango, ya kama sana'ar acaɓa. Bashin kuwa yana can yana ƙiba, domin duk watan da bai biya ba sai an ɗora masa tara.

Mutumin naku fa masani ne. Duk lokacin da hukumar bashin ta sanar a rediyo cewa wanda ya biya uwar kuɗin gaba ɗaya za a yafe masa kaso mai tsoka na tarar, sai ya yi dariya ya gutsiri ugali, tuwon masararmu.

"Kun ji su? Roƙo suka fara. Ku bar su su ƙara gajiya, duka za su yafe."

Matarsa Nekesa, uwar 'yarsu Nanjala, takan ce, "Baban Nanjala, adashena ya fito, karɓi ka biya mu huta."

"Ke dai sayar da tumatirinki. Ciniki da gwamnati sai mu 'yan boko."

Haka ya yi ta ciniki shi kaɗai, gwamnatin ba ta ma san ana yi da ita ba.

Ana nan sai gundumarmu ta nemi malaman gona, aikin da yake mafarki tun yana ɗalibi. Amma ba a karɓar kowa sai da shaidar cewa hukumar bashin ta sallame shi. Ya garzaya ofishinsu. Yafiyar bara ta rufe tuni, tarar kuma ta kusa kamo uwar kuɗin.

Kawunsa Makokha, wanda ya tsaya masa lokacin karɓar bashin, ya ce, "To Farfesa, ina cinikin ya kwana? Ni dai kada a zo mini kan saniyata."

Wafula ya sayar da babur, ya haɗa da adashen da ya raina, ya biya har sisin ƙarshe. Aiki kam ya samu. Yanzu a ƙafa yake zagaya gonakin masara, da rigar ofis da taɓo har gwiwa.

Bai cika wata a aikin ba hukumar ta yafe tara ɗari bisa ɗari.

Nekesa ta ƙara muryar rediyon ta ce, "Baban Nanjala, zo ka ji. Ashe gaskiyarka ce, sun gaji."